Gashin Sa'adiya Mai Kitso

"Ba inda za ta," in ji Sa'adiya. "Ni na kira ta."

Maganar ta fito a gutsure, kamar yadda duk maganarta take fitowa shekara biyun nan, amma babu wanda bai ji ba a tsakar gidan. Ƙanenta, Alhaji Atiku mai fataucin albasa, yana tsaye a bakin rumfa, hannunsa na dama har yanzu yana nuna ƙofa. Madina, 'yar maƙwabta, wadda aka ce ta tattara ta fita, tana durƙushe a gefen tabarma da jakarta a buɗe. Ko gwiwa ba ta ɗaga ba.

"Yaya, gidan ga ni ke riƙe da shi."

"Ni na goye ka cikinsa." Kan Sa'adiya ya fizge zuwa hagu, ta jira ya dawo. "Ka jiƙa mini baya ya fi sau ɗari. Tahi wurin albasarka."

Mubaraka, 'yar Sa'adiya, ta juya baya tana gyaran murhun da babu abin da ya same shi, don kada kawunta ya ga dariyarta. Alhaji Atiku ya dubi Madina daga sama har ƙasa, ya dubi farar rigar aikin da ta leƙo daga jaka, da 'yan kwalaben roba guda uku masu shuɗin murfi.

"Ke kuma, an tura ki boko don ki zo ki riƙa tara yawun mutane?"

"An tura ni in koyi aiki, Baba Alhaji. Aikin ke nan."

"Baki gare ki."

"Inna Sa'adiya ta raine ni."

Alhaji Atiku ya juya ya nufi zaure, babbar rigarsa tana sharar ƙasa. Madina ta bi shi da kallo. Hannunsa na hagu yana cikin aljihu. Ta lura tun kafin azumin bara ba ya fitar da shi a gaban mutane.

Tsakanin gidan su Madina da gidan Tambari, wato gidan su Sa'adiya, akwai wata 'yar ƙofa a jikin katanga, ba ta da ƙyaure, sai tsohon buhu da aka rataya. Ta nan gishiri yake wucewa, da garwashin wuta, da labari. Ta nan Madina ta rarrafa kafin ta iya tafiya, ta nan kuma aka miƙa ta ranar kitsonta na fari. A wancan lokaci babu amaryar da za a kai a unguwarsu ta cikin Gwandu ba tare da ta zauna tsakanin gwiwoyin Halimatusa'adiya ba. Har daga Malisa da Kambaza mata suke zuwa, su yini suna jiran layi. Tsagarta kamar an ja da zare. Kuma tana da wata ɗabi'a da kowa ya san ta da ita: idan ta gama, sai ta tsince duk gashin da ya maƙale a mataji da wanda ya zuba a cinyarta, ta nannaɗe shi a yatsa, ta sa wa mai kai a tafin hannu ta rufe mata yatsu.

"Riƙe abinki," za ta ce. "Kada ki bar shi gidan kowa, ko gidana."

Shi ya sa mata suke sakin jiki da ita. Shekara ashirin da bakwai tana kitso, ba a taɓa jin an ce silin gashin wata ya fita daga hannunta ya je inda bai dace ba.

Abin ya fara da tsinken kitso. Ya riƙa faɗuwa daga hannunta, ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Daga nan tsaga ta fara karkacewa. Sai kafaɗa, sai wuya, sai tafiya irin ta wanda ƙasa ke zame masa. Babu wanda ya yi mamaki a gidan. Haka mahaifinsu, Malam Tambari, ya yi kafin ya rasu. Haka yayansu Zubair ya yi, har ya faɗa cikin ruwan fadama bai fito da rai ba. Gidan yana da bayaninsa da yake ba kowa: kakansu ne ya cike wata tsohuwar rijiya a gonarsa ta Ceberu ba tare da ya sallami aljanun da ke cikinta ba, su ne suke bin zuriyar ɗaya bayan ɗaya. An sha rubutu, an yi turare, an yanka abin yankawa. Sa'adiya ta shanye duk abin da aka ba ta, tana ramewa, ga ci kamar mai noma.

Madina ce ta sa ta a mota bara, bayan ta gama karatun aikin gwaje-gwaje ta sami gurbi a wani ɗakin bincike a Kalgo. A can likitan da take aiki a ƙarƙashinsa, Dakta Shamsuddeen, ya duba Sa'adiya, ya tambayi wa da wa suka yi irin wannan a gidan, aka aika jininta, bayan wata biyu ya kira abin da sunansa. Cutar Hantinton. Tana bin jini, tana cin ƙwaƙwalwa a hankali. Duk ɗan da mai ita ya haifa, ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Babu maganin warkewa.

Sa'adiya ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To, ashe ba rijiya ba ta." A hanyar dawowa ta sa aka tsaya ta sayi rake.

Yanzu likitan yana wani bincike, shi ne dalilin kwalaben. Bayan Alhaji Atiku ya fita, Sa'adiya ta harbi jakar da ƙafa, ko da gangan ko ciwon ne, ba a sani ba.

"Sake gaya mini. Mi kuke nema cikin yawun?"

"Wani sinadari ne, Inna, ana ce masa kotizol. Jiki ke sakinsa idan mutum ya shiga tashin hankali ko wahala. Kowa yana da shi. Amma ana zaton a masu ciwon nan yana fara hauhawa tun jiki bai fara rawa ba. Idan haka ne, wata rana za a iya gane lokacin da abin ya taso, a fara kula da mutum da wuri."

"Zai warkar da ni?"

"A'a."

"Mubaraka hwa?"

Madina ba ta dubi wajen murhu ba. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Wataƙila ya amfane ta, wataƙila sai 'ya'yanta. Sai an auna masu ciwon da yawa, sannan a san da me za a kwatanta waɗanda bai fito musu ba."

"Awo. Ni ce ma'aunin." Ta yi wata dariya da ta ƙare da tari. "Kawo."

Sai dai yawun bai yiwu ba. Ƙa'idar ita ce a tofa da zarar an farka, kafin ruwa ko wani abu ya taɓa baki. Madina ta faɗa, ta maimaita, ta rubuta wa Mubaraka a takarda. Kwana uku a jere tana zuwa da hantsi ta tarar da kwalba, ta tambaya, a ce mata an cika ta bayan sallar asuba, bayan asuwaki da kurkurar bakin alwala, rana ta uku ma har da ɓarin goro ja a ciki.

"Inna, na ce kafin komai."

"Na ji ki." Sa'adiya ta kafe ta da ido, kanta yana kaɗawa. "In tofa wa Kalgo yawu kafin in gai da Ubangijina? Ke da likitanki ku jira layi."

"To ai duk sun lalace."

"Su lalace."

Madina ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta yi tagumi. Akwai wata hanyar, ta san da ita tun farko, tana cikin takardar binciken, amma ba ta taɓa shirin furta ta a wannan gida ba. Sa'adiya ta san fuskarta tun tana cikin zanen goyo.

"Akwai abin da kika haɗiye. Tofo shi."

"Gashi," in ji Madina. "Sinadarin yana shiga gashi yayin da yake tsirowa, ya zauna. Kowane wata gashi yana ƙaruwa da abin da bai kai faɗin ƙaramin yatsa ba. Idan aka yanko daga gindi, za a karanta wata uku da suka wuce, babu ruwansa da goro ko alwala."

"Ni za ki gaya wa tsiron gashi?" Sa'adiya ta yi ƙoƙarin haɗa yatsu biyu ta nuna, suka ƙi tsayawa. "Kitson wata guda, haka gindinsa ke ɗagawa. Kuma matar da mijinta ke ba ta wahala, a kanta nake fara gani kafin ta buɗe baki. Ashe likitoci sai yanzu suka sani."

Mubaraka ta ajiye muciya. "Inna, gashi hwa? Ke?"

"Ni."

Ranar Juma'a aka yi, da hantsi, maza sun tafi kasuwa. Bazara ce, zafi ya fara tun rana ba ta ɗaga ba, warin albasar da Alhaji Atiku ya jibge a rumbunan bayan gida ya cika iska. Sa'adiya ta kwana biyu da zazzaɓi. Kunu ya sarƙe ta ranar Laraba, tun daga nan ƙirjinta yake kurari. Madina ta ce a kai ta asibiti, ta ce ta gama shiga mota. Madina ta ce to a bari sai ta ji sauƙi. Ta ce, "Yau."

Madina ta karanta mata takardar amincewa tun daga farko har ƙarshe, da Hausa, har wurin da aka ce tana iya fasawa duk lokacin da ta so. Mubaraka ta kama wuyan hannun uwarta da hannu biyu aka dangwala yatsa, ita ma ta sa hannu a matsayin shaida. Sannan ta zauna ta rungume kan uwar a ƙirjinta don ya tsaya.

"Ba nan ba," in ji Sa'adiya, da ta ji almakashi a gefen kunne. "Ƙeya, sama kaɗan. Nan ya fi tsirowa daidai."

Nan ɗin ne takardar binciken ma ta ce. Madina ta tsaga, ta ware abin da bai kai kaurin fensir ba.

"Tsagarki kamar hanyar awaki. Ɗaure da zare tukuna, wajen gindi, in ba haka ba za ki rasa ina ne kai ina ne wutsiya."

Madina ta ɗaure. Almakashin ya yi ƙara sau ɗaya. Gashin ya fito a hannunta, furfura ta fi baƙi yawa a ciki, mara nauyi kamar ba komai.

"Mi za ki rubuta a kai?"

"Lamba. Goma sha huɗu. Ba a sa suna."

"To ki gaya musu da baki. Ki ce na Sa'adiya mai kitso na." Ta miƙo hannu. "Ba ni."

Madina ta sa mata. Hannun ya yi sama, ya yi gefe, sai da ƙyar ya sami tafin Madina. Sa'adiya ta ajiye gashin a ciki, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana rufewa, kamar yadda ta yi wa matan Gwandu shekara ashirin da bakwai.

"Riƙe abinki," ta ce. Ta huta, ƙirjin yana kurari. "In na mutu Rabi mai wankan gawa za ta wanke ni. Idonta ba ya kuskure. Za su ce ki maido. Kada ki maido."

"Inna, daina wannan maganar," in ji Mubaraka.

"Ubana, rijiya. Zubair, rijiya. Ni, rijiya. Wagga," ta buga kanta a ƙirjin 'yarta, "ba za a ce mata rijiya ba. Kin ji ni, Madina?"

"Na ji."

Madina ta naɗe gashin a takarda mai ƙyalli, ta sa a ambulan, ta rubuta lambar. Sai Litinin za ta koma Kalgo. Ta wuce ta 'yar ƙofa ta ajiye shi a cikin jakarta, a ɗakinta.

Ranar Lahadi, rana ta ɗan ɗaga, Madina tana shanya, ta ji salatin Mubaraka ta kan katanga. Ta saki zanen a ƙasa. Ko da ta ɗaga buhun ta shiga, Sa'adiya tana kwance a kan tabarmarta ta rumfa, kuma abin da ya fara buga Madina shi ne shirun jikin. Shekara tara ba ta ga wannan kafaɗa a tsaye ba. Hannayen suna ajiye a gefe kamar an gama aiki.

Kafin awa guda gida ya cika. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka tura masu haƙa, aka kawo makara aka jingine a zaure. Tsohuwa Rabi, mai wankan gawar matan unguwar, ta shiga ɗaki da mata biyu aka saki labule. Madina tana cikin masu miƙa ruwa. Ta kai bokiti na uku ke nan sai labulen ya ɗaga, Rabi ta fito da hannu a jiƙe har gwiwa.

"Wa ya taɓa kan baiwar Allah ga?"

Matan tsakar gidan suka dubi juna.

"Na kwance kitso zan wanke, na iske an yanke gashi a ƙeya. Sabon yanka, da almakashi. Ni ba na rufe mutum da saura a waje. Duk silin da ya zuba, cikin likkafani nake sa shi."

Wata daga bayan rumfa ta ce, "Inna lillahi." Wata ta ja ɗankwalinta ta rufe kai sosai. Madina ta dubi Mubaraka. Mubaraka tana kallon ƙasa.

Madina ta ajiye bokitin. "Ni na yanka. Ranar Juma'a, da ranta, da izininta. Yana wurina."

"Ɗauko."

"Ba zan ɗauko ba, Inna Rabi."

Maganar ta isa zaure kafin Madina ta goge hannunta. Alhaji Atiku ya shigo ba tare da ya jira mata sun gyara ba. Idonsa ja, ya yi kuka a wani wuri da ba a gan shi ba.

"Ina gashin 'yar'uwata?"

"Yana cikin jakata. Gobe zan kai shi Kalgo."

"Kabari na buɗe. Mutane na cikin rana. Tahi ki ɗauko."

"Ta ce kada in maido."

"Ta ce! Matar da ko sunanta ba ta iya faɗa daidai?"

"Ta faɗa daidai ranar da ta ce ku tafi wurin albasarku."

Wani numfashi ya ratsa matan. Mahaifiyar Madina ta ratso su ta kama hannunta, tana magana ƙasa-ƙasa. "Madina, don girman Allah. Gawa ake riƙe. Ki dubi idon mutane. Nan za mu ci gaba da zama."

"Umma, ba ni na riƙe ta ba. Abin da aka yanke da rai ba ya cikin wanka. A tambayi Liman, yana waje."

"Ke za ki koya mana addini?" in ji Alhaji Atiku.

"A tambaye shi."

Ta juya wajen ƙawarta. Tare suka yi wasan ƙasa a bakin wannan rumfa, tare aka sa su Islamiyya, kuma tun da hannun Sa'adiya ya daina aiki, Mubaraka ce ke yi mata kitso. "Mubaraka, ke kika riƙe kanta. Kin sa hannu. Faɗa musu abin da ta ce."

Mubaraka ta ɗago. Fuskarta ta kumbura. "Ki ba su, Madina. A rufe ta. Ita ta tahi. Ni ke nan cikin gidan."

Wannan maganar ce ta shige ta. Madina ta dubi 'yar ƙofar. Taku goma ne zuwa ɗakinta. Ambulan ɗaya, lamba ɗaya cikin lambobin da likita ya ce sai sun kai ɗaruruwa kafin a ce komai. Idan ta miƙa shi, kafin azahar an manta, a ce yarinta ce. Sai ta ji yatsunta na dama sun dunƙule da kansu, ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Atiku ya matso ya tsaya kusa da ita a jikin katanga, ya sauke murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Saurara, ɗiyata. Ina da ɗiya huɗu mata, ba wadda aka kai ɗaki. In rijiya ta, ana addu'a a wuce. In Kalgo ta rubuta gado na, wa zai sake shigowa zauren ga neman aure?"

"Ba suna a takardar, Baba Alhaji. Lamba ce."

"Gwandu ba ta bukatar suna."

Ya ɗaga hannu zai share gumi, ya manta, ya ɗaga na hagu. Yatsun suna motsi su kaɗai, kamar mai ƙirga tasbahar da babu ita. Madina ta gani. Ya ga ta gani. Da ta kawar da kai, wataƙila da wani abu ya saura a tsakaninsu.

"Ku zo Kalgo, Baba," ta ce a hankali. "Akwai maganin da ke rage motsin. Ni zan raka ku, ba wanda zai sani."

Ya mayar da hannun aljihu. Da ya sake magana, da ƙarfi ya yi, don kowa ya ji.

"Karo na ƙarshe. Za ki kawo, ko ba za ki kawo ba?"

"Ba zan kawo ba."

"To fita. Ba ki zaman makokin ga. Ba ki sake taka gidan ga, ke da jakarki."

Sai ga saƙo daga zaure, wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa ba tare da ya shigo ba: Liman ya ce abin da mamaci ya rabu da shi da ransa ba a jiran sa, a gama wanka a fito da ita, rana tana yi. Rabi ta yi tsaki ta koma bayan labule. Babu wanda ya dubi Madina ya ce ashe ta yi gaskiya. Matan suka buɗe mata hanya, fiye da yadda take bukata.

Daga tsakar gidansu ta ji fitar makara. Ta ji kabbara huɗu daga ƙofar gida, ta ji takun mutane ya yi nisa. Ta yi wa Sa'adiya addu'a a tsaye, ita kaɗai, kusa da zanen da ta yar a ƙasa tun safe.

Washegari ta hau motar Birnin Kebbi, daga can ta shiga ta Kalgo, jakar a kan cinyarta duk tsawon hanyar. Ta ajiye ambulan a teburin Dakta Shamsuddeen, ta ba shi labari a taƙaice. Ya cire tabarau ya dube ta.

"Da kin mayar musu, da ban ce miki komai ba."

"Na sani, Dakta."

Ya jawo rajista zai rubuta. "Lamba goma sha huɗu."

"Na Sa'adiya mai kitso ne," in ji Madina. "Ta ce in faɗa da baki."

Ita da kanta ta auna tsawon wata uku daga wajen zaren, ta yanke, ta wanke, ta niƙa. Sakamakon ya fito bayan mako biyar. Sinadarin ya hau sosai. Likita ya ce haka ake zato, amma zazzaɓin kwanakin ƙarshe da doguwar jinya ma suna iya sa hannu, mutum ɗaya ba ya tabbatar da komai, sai an tara da yawa, sai an yi shekaru. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan takardar zane, a can sama, kusa da wasu goma sha uku.

Kafin nan an daɗe da toshe 'yar ƙofar. Ranar sadakar uku aka kira magini, ya cire buhun, ya jera tubali ya shafe da jar ƙasa. Mubaraka ba ta ɗaga waya, idan sun haɗu a hanya sai ta gyara mayafi ta tsallaka. Matan da suke aiko wa Umma da tuwon suna suka daina. A unguwa kuwa magana ta zauna daram: 'yar gidan nan tana yankar gashin mutane tana kaiwa Kalgo. Madina ta je wurin masu kitso uku. Ta farko ta ce hannunta na ciwo. Ta biyu ta ce layi ya cika har bayan salla. Ta uku ta faɗa mata gaskiya, ta ce idan aka gan ta a nan, sauran matan ba za su sake zama su bar gashinsu ya zuba ba.

Abin da riƙon ya ci mata ke nan: ƙofa, da ƙawa, da zaman makokin matar da ta raine ta, da duk wani hannu a Gwandu da zai taɓa kanta. Abin da ta samu, ɗigo ɗaya a kan takarda. Umma ta tambaye ta sau ɗaya ko ta yi nadama. Ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wata Asabar da la'asar ta zauna a gindin katangar da madubi a kan gwiwa, tana kitsa kanta da kanta. Tsagar ta karkace, ta bar ta a haka. Da ta gama, ta tsince gashin da ya maƙale a mataji da wanda ya zuba a cinyarta, ta nannaɗe a yatsa. Shafen maginin ya bushe ya tsattsage, har yanzu ya fi sauran katangar ja, ana ganin siffar ƙofar sarai.

Daga ɗaya gefen, wajen murhun da Mubaraka take girki, kwano ya faɗi ya yi ta juyawa a ƙasa kafin ya tsaya. Aka ɗauka. Madina ta riƙe numfashi tana saurare, gashin a dunƙule a tafin hannunta.

Kwanon ya sake faɗuwa.